Noti ɗaya ya tsayar da jirgi: Yadda ake farautar tsoffin kusoshi a kasuwannin Damagaram

Damagaram ba garin ruwa ba ne. Duk wanda ya taɓa zama a Zinder, abin da zai fara tunawa shi ne manyan duwatsun Birni da dogon layin jarkoki a bakin famfo. Saboda haka baƙo zai yi mamaki idan aka ce masa a cikin masu yawo rumfa-rumfa a wajen 'yan kayan ƙarfe na Kasuwar Dole, ko a garejojin da ke bakin hanyar Difa, akwai waɗanda matsalar jirgin ruwa ce ta kawo su. Sukan zo da guntun ƙarfe mai tsatsa a ƙulle cikin leda, wani lokaci bai kai tsawon ɗan yatsa ba, suna tambayar ko akwai irinsa.

Abin da suke nema shi ne kusa mai zare, wadda makanikan Kano suke kira bol da noti, na Nijar kuma suke cewa bulon da ekuru. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Amma idan ita ce ke riƙe da farfela, ko ita ce ta haɗa ƙafar inji da gangar jikinsa, to rashinta yana nufin jirgi ya kwanta a gaɓa, masunta sun zauna, mai banda bai samu kifi ba, mai mota bai samu lodi ba.

Me ya haɗa Zinder da jirgin ruwa?

Da farko dai jihar tana da nata ruwan. Akwai tafkin Gidimuni a gabas da birnin, a bakin babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, akwai kuma tafkin Lasuri, dukansu suna cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu. Ana su a cikinsu da ƙananan kwale-kwale na katako da kuma gora, kuma irin waɗannan ba su cika buƙatar komai ba sai ƙusa da guduma da abin toshe kafa.

Babbar buƙatar tana tasowa ne daga gabas, daga Komadugu Yobe da Tafkin Chadi, inda manyan jirage masu inji suke jigilar mutane da kifi da buhunan hatsi. Daga Difa zuwa Zinder tafiyar sama da kilomita 400 ce, kuma idan aka baro bakin tafkin aka yi yamma, Zinder ce babban birni na farko. Daga nan zuwa Kano kuma bai wuce kilomita 250 ba, ko ta Matamai da Daura, ko ta Magarya da Ɓaɓura. Wannan hanya tsohuwa ce: tun zamanin da Damagaram take kai gaisuwa Borno, ta nan kanwa da gishirin Manga suke bi.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa lamarin nauyi. Bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Difa a watan Fabrairun 2015, gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, ta hana su da cinikin kifi, sannan a watan Mayun shekarar aka kwashe dubban mutane daga tsibiran tafkin. Ba a ɗage haramcin su ba sai a watan Maris na 2019. Injin da ya yi shekara huɗu a jingine, da laima a cikinsa, ba ya tashi lafiya. Kusoshinsa sukan manne da jikinsa, kuma ranar da makanike ya ɗora musu sufana ya murɗa, kan ya tsinke ya bar gindin a rami. A da, Maiduguri da Baga ne wuraren da ake dosa don irin wannan gyara. Da hanyoyin can suka zama abin tsoro, dole wasu suka koma zagaye.

Zare uku, duniya ɗaya

Wanda bai san harkar ba zai ce ai noti noti ne, in dai kaurin ya yi daidai. Nan ne gizo ke saƙar. Tsagar nan da ta nannaɗe jikin kusa, wadda makanikai suke kira zare ko tiredi, tana da dangi daban-daban, kuma ba sa auren juna.

A 1841 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Joseph Whitworth ya tattara kusoshi daga masana'antu daban-daban, ya fitar da ma'auni guda: kowane haƙorin zare ya kasance da kusurwar digiri 55, kuma kowane kauri yana da adadin haƙoran da aka ƙayyade masa a cikin inci ɗaya. Kafin lokacin kowace masana'anta da nata. A 1864 wani Ba'amurke, William Sellers, ya kawo nasa mai digiri 60, wanda ya fi sauƙin yankawa, Amurka ta bi shi. Su kuma ƙasashen Turai masu amfani da mita suka zauna a Zurich a 1898 suka amince da nasu, shi ma mai digiri 60, amma da milimita ake auna shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tona asirin wannan rabuwa. Lokacin da kamfanin Packard na Amurka ya karɓi aikin ƙera injin jirgin sama na Merlin, wanda asalinsa na Rolls-Royce ne, sai da ya riƙa yin kusoshin Ingila da kansa, domin babu su a kasuwar Amurka. Bayan yaƙin, Amurka da Birtaniya da Kanada suka haɗa ma'auni ɗaya na inci a 1949. Daga baya Birtaniya ita ma ta koma milimita, kamar yawancin duniya. Amurka ce ta tsaya a kan incinta.

Wannan tarihi na nesa yana nan kwance a cikin bokitan tsoffin kusoshi na Zinder, domin garin yana kan iyakar duniya biyu. Faransa ta mulki Nijar, kuma Zinder ce hedikwatarta daga 1911 zuwa 1926, don haka manyan motocin Berliet da Peugeot suka zo da milimita. Kudu kaɗan kuma Ingila ce ta mulki Kano, ta bar Land Rover da Bedford da injinan Lister masu zaren inci. Tsoffin injinan niƙa ƙirar Indiya da aka kwaikwayo daga Lister har yau da yawansu zaren Whitworth ne a jikinsu. Ko a cikin dangin milimita ɗin ma akwai 'yan uba: motocin Faransa na da sun yi amfani da kusa mai kaurin milimita 7, wadda ake kwancewa da sufana lamba 11, alhali kusan kowa daga 6 yake tsallakawa zuwa 8.

A ruwa ma haka abin yake. Injinan Yamaha, musamman samfurin Enduro mai ƙarfin doki 15 da 40, su ne suka cika gaɓar ruwayen Afirka ta Yamma, tare da Suzuki da Tohatsu, kuma dukansu milimita ne. Sai dai Japan tana da nata salon. Kusa mai kaurin milimita 8 a Turai kanta lamba 13 ne, a Japan lamba 12. Mai kaurin 10 a tsohon ma'aunin Jamus kanta 17 ne, a Japan 14, kuma sau da yawa zarenta ƙanana ne: tazarar haƙori milimita 1.25 maimakon 1.5. Mai rumfa zai iya rantsuwa cewa ya ba da "lamba goma", kuma bai yi ƙarya ba, amma ba za ta shiga ba. Ko ta shiga, babban kan zai hana sufana zama a lungun da aka yi wa ƙaramin kai.

Tsoffin injinan Amurka, Evinrude da Johnson, su ne ciwon kai na gaske, domin na da ɗinsu inci ne. Kamfanin da ke yin su, OMC, ya karye a ƙarshen 2000. Bombardier na Kanada ya saye sunayen, ya bar Johnson ya mutu, sannan a watan Mayun 2020 aka daina ƙera Evinrude kwata-kwata. Duk mai irin wannan inji yanzu maraya ne, sai abin da ya samu a jikin wani mataccen.

Kusar da ta kusa dacewa

Kusar da ba ta shiga ko kaɗan ba ta da haɗari, domin nan take za a gane a mayar. Mai haɗari ita ce wadda ta kusa dacewa.

Misali, kusar Amurka mai kaurin uku bisa takwas na inci tana da milimita 9.5 da ɗan ɗoriya, da haƙora 16 a inci, wato tazarar kusan milimita 1.59. Ramin milimita 10 kuma tazararsa 1.5 ce. A ido babu bambanci. Za ta shiga zagaye na farko da na biyu da na uku lami lafiya, sannan ta fara cijewa. Yaron gareji mai ƙarfi a jika zai ɗauka tsatsa ce, ya ƙara wa sufana bututu ya danna. Jikin injin jirgi alminiyam ne, ya fi kusar taushi nesa ba kusa ba, saboda haka ramin ne zai suɗe. A ranar za ta yi kamar ta kama. Bayan 'yan kwanaki na girgizar inji sai ta saki, kuma ba a gareji za ta saki ba, a tsakiyar ruwa ne, da lodi, wataƙila da iska.

Tsakanin Whitworth da na Amurka ma akwai irin wannan yaudara. A yawancin kauri adadin haƙoransu ɗaya ne, kusurwar ce kawai ta bambanta, don haka sukan shiga juna amma ba su zauna daram ba. A rabin inci kuma sun rabu fili: Whitworth 12, na Amurka 13. Tsoffin sufanun Whitworth ma lambar da ke jikinsu kaurin kusar take nufi, ba faɗin kanta ba, abin da ke rikita yaran da suka tashi a zamanin milimita.

Wani abin dariya shi ne, Whitworth bai mutu ba ko a ƙasashen da Faransa ta mulka. Duk mai gyaran famfo a Zinder da ya ce a ba shi 15/21 ko 20/27, rabin inci da uku bisa huɗu na inci yake nufi, kuma zaren bututun mai digiri 55 ne, na mutumin Ingila. A ɗaya ɓangaren, fulogin yawancin injinan Amurka masu inci zarensa milimita 14 ne.

Ba kowane ƙarfe ke shiga ruwa ba

Ko an dace da kauri da zare, sauran magana. Idan aka duba kan kusar milimita za a ga lamba kamar 4.6 ko 8.8 ko 10.9. Wannan ƙarfinta ne. Lambar farko idan aka ninka ta sau ɗari ita ce nauyin jan da kowace murabba'in milimita take ɗauka kafin ta tsinke, a ma'aunin da injiniyoyi suke kira megafaskal, don haka 8.8 ta ninka 4.6 ƙarfi. Kusar da babu komai a kanta, irin wadda ake sayarwa a kwano don ƙofa da gado, bai kamata ta je kusa da inji ba. Na Amurka kuma layuka ake yi musu a ka: uku matsakaicin ƙarfi, shida mai ƙarfi sosai. Wannan ma wata hanya ce ta gane dangi da ido: in an ga layuka, inci ne; in an ga lamba mai ɗigo, milimita ne.

Sai batun tsatsa. Baƙin ƙarfe na mota yana da ƙarfi amma ruwa yana cin sa. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda a Nijar ake kira inoks, yana zuwa da alamar A2 ko A4, kuma A4 ya fi jure ruwa mai gishiri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da ƙasarsa ke fitar da kanwa, daga kwarurrukan Gure har zuwa arewacin Tafkin Chadi. Sai dai inoks yana da nasa sharrin. Idan ya zauna cikin alminiyam, ruwa kuma ya ratsa tsakaninsu, sai su zama kamar batir: alminiyam ɗin ne ke narkewa a hankali, ya zama farin gari mai kama da toka, ya cika ramin ya shaƙe kusar. Shi ya sa ƙwararru suke shafa gris a zaren kafin su ɗaure, kuma shi ya sa injin yake zuwa da wani ɗan guntun ƙarfe a ƙafarsa, yawanci na tutiya ko alminiyam na musamman, wanda aikinsa kawai shi ne ruwa ya ci shi a madadin injin. Sau da yawa idan ya cinye ba a sake sa wani, domin ba a ga amfaninsa da ido.

A jikin katako kuma, inda ake haɗa allon baya da ke ɗauke da nauyin inji, baƙin ƙarfe yakan yi tsatsa ya kumbura, ya ɓata katakon da ke kewaye da shi har ramin ya buɗe. Daga waje kan kusar yana nan lafiya lau, a ciki kuwa ta rame ta zama kamar tsinke. Masu gyaran da suka san aiki sukan zare ɗaya su duba kafin su yarda da sauran.

Daga bokiti zuwa injin sassaƙa

Farautar tana da matakai, kuma kusan kowa haka yake bin su. Mataki na farko shi ne masu sabbin kaya. A nan za a samu kusoshin milimita na gama-gari, yawancinsu 'yan China, masu manyan haƙora. In abin da ake nema shi ne 6 ko 8 ko 10 na kullum, an gama. In kuwa mai ƙananan haƙora ne, ko inci, ko noti mai tsaga-tsaga a ka irin na farfela wanda ake sa wa fil ya hana shi kwancewa, sai a gangara mataki na biyu.

Mataki na biyu shi ne 'yan gwangwan da masu fasa tsoffin motoci da injina. Waɗannan su ne ainihin ma'ajiyar tarihi. Mutum zai tsuguna gaban bokiti ko rabin ganga cike da kusoshi baƙi ƙirin da mai, yana tonawa yana gwadawa da tsohuwar da ya zo da ita. Gwajin mai sauƙi ne kuma babu na'urar da ta fi shi a wannan wuri: a haɗa kusoshin biyu gefe da gefe, haƙoran ɗaya su shiga tsakanin na ɗayar, a ɗaga su sama wajen haske. In haske bai ratsa ba daga farko har ƙarshe, dangi ɗaya ne. In noti ne, a murɗa shi da yatsu kawai. Wanda ya dace zai tafi har ƙasa ba tare da sufana ba. Babura da janaretocin Japan da suka mutu sukan ceci mai Yamaha, tun da gida ɗaya suka fito. Sai dai wannan ma'ajiya tana ƙarewa, domin tsohon ƙarfe yanzu kuɗi ne, ana auna shi a kilo a loda a mota a kai narkawa, da mai amfani da marar amfani.

Mataki na uku shi ne mai injin sassaƙa ƙarfe, wanda a Nijar ake kira turnar. Shi zai iya yanka kowace irin kusa daga sandar ƙarfe, in dai injinsa yana da kayan aiki. A nan akwai wani sirrin lissafi. Inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, kuma rabin 254 shi ne 127, lambar da ba ta rabuwa da komai sai kanta. Saboda haka injin da aka ƙera don milimita ba zai yanka zaren inci daidai ba, haka na inci ba zai yanka milimita ba, sai an sa masa wani gargare mai haƙora 127 ko wani da ya kusa yin aikinsa. Tsoffin injinan da suka yi hannu uku ko huɗu kafin su iso Sahel sau da yawa wannan gargaren ya ɓace a hanya. Turnar da yake da shi, shi ake yi wa layi.

Kusar da aka sassaƙa tana fitar da mutum kunya, amma tana da iyaka. Ta kamfani matse zarenta ake yi, ba yankawa ba, sannan a gasa ta a wuta a ƙayyadadden zafi, abin da ke ba ta juriyar girgiza. Ta turnar kuwa ƙarfinta ya dogara ga abin da aka yanko ta daga ciki. In tsohon aksul na mota ne, da dama-dama. In rodin gini ne, to sunanta kusa kawai. Don riƙe murfi ko hannun tuƙi babu laifi. Don kan silinda ko farfela, caca ce da rai.

Akwai kuma aikin fitar da guntun da ya karye a rami, wanda shi ma fanni ne. Mai walda yakan ɗora noti a kan guntun ya narka ƙarfe ya haɗa su, zafin ya taimaka wajen sassauta tsatsar, sannan a murɗo. Wasu sukan gasa jikin injin a hankali, domin alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, sai ramin ya saki. In duk ya faskara sai a huda a sake yanka zare mafi girma, ko a sa wata nannaɗaɗɗiyar waya da ke mayar da ramin kaurinsa na asali. Kuskure kaɗan a hudar, a karkace, an kashe gangar inji gaba ɗaya.

Ba yau Damagaram ta fara irin wannan dabara ba. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya gina ganuwar Birni kuma a zamaninsa maƙeran garin suka zuba igwa da hannunsu. Tafkin Chadi ma ya daɗe da sanin jirgin da aka kawo gunduwa-gunduwa. Ayarin James Richardson da Heinrich Barth da Adolf Overweg ya taso daga Tarabulus a 1850 da jirgin ruwa a rarrabe a bayan raƙuma. Richardson ya yada zango a Zinder a farkon 1851 kafin ya rasu a hanyar Kukawa, Overweg kuma ya harhaɗa jirgin ya shiga tafkin da shi a wannan shekarar. A 1897 Bafaranshe Émile Gentil ya iso tafkin ta kogin Shari da jirgin ƙarfe mai tururi, Léon Blot, wanda shi ma a guntu-guntu aka ɗauko shi a ka ta cikin daji.

Idan iyaka ta rufe

Abin da Zinder ta rasa, Kano ake aika wa. Kasuwar Ƙofar Ruwa da Sabon Gari su ne zangon farko, in ba a samu ba a buga waya Nnewi ko Onitsha ko Legas. Direbobin tasha su ne gidan waya: a ba su tsohuwar kusa da kuɗi, su dawo da sabuwa bayan kwana biyu ko uku.

Wannan sarƙa ta tsinke sau biyu cikin 'yan shekaru. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, iyakar ta sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Ƙaramin abu kamar noti ba ya rasa hanyar tsallakawa a aljihun ɗan acaɓa, amma kowane hannu da ya bi sai ya ci nasa, kuma in aka kawo wanda bai dace ba, mayar da shi ya fi sayen wani tsada. A lokacin da ake maganar takunkumi, shinkafa da magani da wutar lantarki aka fi ambata. Ba a cika lissafa injinan da suka tsaya saboda kayan gyara ba, na jirgi ne ko na ban-ruwa ko na niƙa.

Saƙo ga na ƙasashen waje

A nan ne 'yan uwa mazauna Faransa da Beljiyam da Amurka da Dubai da Guangzhou suke shigowa. Da yawansu sun taɓa samun hoto a WhatsApp: wata kusa a tafin hannu, da muryar kawu ko yaya yana cewa a taimaka a nemo irinta. Mutum ya shiga kanti ya sayo abin da ya yi kama, ya jira mai zuwa gida wata biyu, a ƙarshe a ce ba ta shiga ba. Hoto shi kaɗai ba ya nuna bambancin milimita 1.25 da 1.5.

Abin da ya fi komai amfani shi ne lambar injin. A injinan Yamaha tana kan wani ɗan allo a jikin maƙalar da ke kama bayan jirgi, kuma sauran kamfanoni ma kusan a nan suke sa tasu. Da wannan lamba ana iya buɗe zanen kayan injin a intanet, inda kowace kusa take da lambarta. A yawancin kusoshin gama-gari na Yamaha, lambobi biyar na ƙarshe suna faɗin girman: 06025 na nufin kauri milimita 6, tsawo 25. Ga masu tsoffin Evinrude da Johnson, Amurka da Kanada cike suke da dillalan da suka ajiye kayansu, sababbi da na hannu, kuma kusoshin inci na inoks ana samunsu a kusan kowane kantin kayan jirgi a can.

In allon ya goge, sai awo. A auna kaurin jikin kusar a kan zaren, ba kanta ba, da ma'aunin nan mai baki biyu da turnar yake da shi. A auna tsawon daga ƙarƙashin kai zuwa ƙarshe. Don tazarar haƙora, a ɗora kusar a kan rula a ƙirga haƙora 11, a duba tsawon da ke tsakanin na farko da na ƙarshe: in milimita 15 ne, tazarar 1.5 ce, in 12 da rabi ne, 1.25 ce, in ya kusa 16, to ana hannun inci. Wata dabarar ita ce a shafa wa zaren baƙin mai a mirgina shi a kan farar takarda, a ɗauki hoton tambarin tare da rula a gefensa. A kuma ɗauki hoton kan kusar daga sama don a ga lamba ko layukan da ke kai, a faɗi inda take zama a jikin injin, da ko ruwa yana taɓa ta.

Wanda zai aiko kuma ya aiko da noti da wasa tare da kusar, kada ya aiko da ɗaya tak. Inda ɗaya ta karye, 'yan uwanta da suka yi shekaru ɗaya a ruwa ɗaya suna kan hanya. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin ma'auni mai kama da tarin wuƙaƙe masu haƙora, kowace da lambar tazararta, ɓangare ɗaya milimita ɗaya ɓangaren inci. Bai fi girman abin yanke farce ba, yana shiga aljihun jaka, kuma gareji guda da ya mallake shi zai iya gaya wa duk mai jirgin da ya zo daga Bosso ko N'Guigmi sunan abin da yake nema kafin ya biya kuɗin mota zuwa Kano.